Kantar Rangwame a Wani Kantin Kayan Masarufi a Kano: Abin da Na Saya da Abin da Na Bari

Tun gabanin azumin da ya wuce nake sayayya a wani kantin kayan masarufi da ke kan hanyata ta zuwa wurin aiki a birnin Kano, kuma abin da ya fara ja na zuwa gare shi wata kanta ce guda ɗaya da ke can ƙuryar ciki, wadda aka rataya wa kwali da rubutun hannu cewa kayan da ke kanta wa'adinsu ya kusa cika, saboda haka an rage musu kuɗi. Yanzu na yi kusan wata takwas ina ɗaukar kaya daga wannan kanta, wasu mu yi amfani da su nan take, wasu kuma in ajiye su da gangan har ranar da aka buga a jikinsu ta wuce don in ga yadda za su kasance. Abin da zan rubuta a nan shi ne hukuncina a kan wannan kanta da kuma ruwan sha da kantin yake sayarwa, na gwangwani da na roba da na leda.

Kantin matsakaici ne, shago biyu aka haɗe, da sito a bayansa. Mai shi, wanda kowa ke kira Alhaji, yana saro yawancin kayansa daga kasuwar Singa, kuma tsarinsa a kan kayan da suka daɗe ba mai wuyar ganewa ba ne. Abin da ya rage masa wata uku ana cire masa kashi ɗaya cikin uku na kuɗinsa, abin da ya rage masa wata guda kuma ana sayar da shi rabin kuɗi, sannan yaron kanti yana rubuta ranar cikar wa'adin da babban alƙalami a jikin katan ɗin, yadda ko mai raunin gani ba zai ce bai gani ba. Wannan kaɗai ya isa a yaba masa. Duk wanda ya san kasuwa ya san akwai masu goge kwanan wata daga jikin gwangwani su buga sabo, kuma ba sau ɗaya ba hukumar kare haƙƙin masu saye ta jihar Kano ta fasa sito ta fito da kayan da suka daɗe da lalacewa. Mutumin da ya zaɓi ya gaya maka gaskiyar shekarun kayansa, ya kuma rage maka kuɗi a kan haka, ya yi abin da ba a cika yi ba. A tsawon zuwana ban taɓa samun abu ko guda a kan kantar da ranarsa ta riga ta wuce ba.

Sai dai kantin, kamar yawancin masu saye, yana ɗaukar kwanan watan nan a matsayin ma'auni guda tilo na lafiyar abinci, alhali shi ne mafi raunin ma'aunai a kan wasu kayan. A jikin kayan da hukumar kula da abinci da magunguna ta NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ta yi wa rajista, ana samun lambar rajista da lambar rukunin da aka sarrafa tare, da ranar sarrafawa wadda ake yi wa alama da haruffan MFD, sannan ko dai BB ko EXP. 'Yan kasuwa duk sukan haɗe su su ce abu "ya yi esfaya", amma ma'anarsu ta bambanta. Alamar BB alƙawari ce daga kamfani cewa ɗanɗano da launi da ƙamshin abin za su kasance yadda aka yi su har zuwa wannan rana, bayanta kuma kamfani ya janye alƙawarinsa na inganci, ba wai ya ce abin ya zama guba ba. Alamar EXP ta fi nauyi, domin ita ce ranar da aka ce kada a wuce ta. Kuma dukansu biyu an gina su ne a kan sharaɗi guda da ake rubutawa da ƙananan haruffa, wato a ajiye kayan a wuri mai sanyi, busasshe, nesa da rana. Idan aka karya wannan sharaɗi, ranar da ke jikin gwangwani ba ta da sauran ma'ana, ko da saura mata shekara guda.

Kifin gwangwani shi ne abin da na fi saya, kuma shi ne ya fi gamsar da ni. Na ɗauki rabin katan na sadin da ya rage masa mako biyar, muka ci wasu a lokacin sahur, na ware guda shida na sa a ƙasan durowa a ɗakin da ya fi sanyi a gidana. Na buɗe biyu bayan wata biyu da wucewar ranarsu, na buɗe sauran bayan wata huɗu, kuma ban da ɗan laushi da naman ya ƙara, ban sami wani bambanci a ƙamshi ko ɗanɗano ba. Wannan bai ba ni mamaki ba, saboda yadda ake yin abincin gwangwani tun asali. Ana rufe abincin ruf yadda iska ba ta shiga, sannan a dafa shi cikin gwangwanin a tukunyar tururi mai matsi har zafin ya kai digiri 121 a ma'aunin Salshiyos, zafin da ruwa a tukunyar gida ba ya kaiwa komai daɗewarsa a kan wuta. Abin da ke ciki na ƙwayoyin cuta ya mutu, na waje kuma ba shi da ƙofar shiga. Wani Bafaranshe mai suna Nicolas Appert ne ya fara bayyana wannan dabara a 1810, da kwalabe yake yi, a lokacin da ba a ma san cewa ƙwayoyin cuta ne ke ruɓar da abinci ba, kuma a wannan shekarar aka yi wa gwangwanin ƙarfe rajista a Ingila.

Akwai wani labari tabbatacce da ya nuna iyakar abin da rufaffen abinci zai iya jurewa. Wani jirgin ruwa mai suna Bertrand ya nutse a kogin Misuri na Amurka a 1865 ɗauke da kaya, aka tono shi daga cikin laka a 1968, kuma da masana suka gwada abincin da aka samu a cikinsa a 1974, sai suka tarar launi da ƙamshi sun gushe, wasu sinadaran gina jiki sun ragu, amma babu ƙwayoyin cuta da suka tsiro a ciki. Abin lura a wannan labari shi ne inda kayan suka kwana shekara ɗari, wato cikin laka mai sanyi da duhu, yanayin da ya yi hannun riga da sito mai rufin kwano a Kano cikin watan Afrilu. Ma'aikatar noma ta Amurka ta ba da ƙiyasin da na ga ya dace da abin da na gani a gidana: abinci marar tsami kamar kifi da nama da wake yana riƙe ingancinsa shekara 2 zuwa 5, mai tsami kuwa kamar tumatir da 'ya'yan itace wata 12 zuwa 18 ne.

Tumatirin gwangwani ne ya tabbatar mini da kashi na biyu na wannan ƙiyasi. Na sayi guda goma na ƙanana da suka rage wata guda, kuma tun wanda aka fara buɗewa uwargida ta ce launinsa ya yi duhu, ya koma kamar jan ƙasa. Wanda na ajiye wata uku bayan ranarsa yana da ɗanɗanon ƙarfe a bayan harshe, cikin gwangwanin kuma ya yi dabbare-dabbare baƙi a inda shafen ciki ya cinye. Tsamin tumatir yana cin ƙarfe sannu a hankali, zafi kuma yana ƙara masa sauri, kuma wannan cin yana fitar da iska wadda kan tura murfi ya kumbura. Biyu daga cikin goman sun kumbura kafin in kai gare su. Mai yiwuwa ne kumburin nan na ƙarfe ne kawai, ba na ƙwayar cuta ba, amma babu mai iya bambancewa daga waje, kuma ba abu ne da ake ɗanɗanawa don a gwada ba. Hukuncina a kan tumatirin wannan kanta shi ne a saya gwargwadon abin da za a dafa cikin mako biyu, kada a yi sarinsa don ajiya. Madarar ruwa ta gwangwani tana tsakanin su biyun, domin wadda na ajiye ta yi kauri ta ɗan yi ja, kitsenta ya taru a sama, ta shiga shayi ba tare da matsala ba amma ba wadda zan ba baƙo ba ce.

Babban laifin kantin na farko a nan yake. A kan wannan kanta ta rangwame ana zuba gwangwanayen da suka loɓe tare da waɗanda wa'adinsu ya kusa, a kan farashi guda, kamar matsalarsu iri ɗaya ce. Tsohon gwangwani mai lafiyar jiki ba ya rasa komai sai ɗanɗano, amma sabon gwangwani da ya bugu a kan ɗinkinsa yana iya zama mafi hatsarin abin da ke cikin kantin gaba ɗaya. Ɗinkin nan da ke zagaye da murfi sama da ƙasa, inda aka naɗe leɓen murfi da na jiki tare, shi ne duk abin da ya raba abinci da duniya. Idan ya motsa ko da yadda ido ba zai gani ba, iska da ruwa mai datti suna shiga, kuma a cikin abinci marar tsami irin kifi akwai wata ƙwayar cuta mai suna Clostridium botulinum wadda take rayuwa a inda babu iska, tana fitar da dafin da yake cikin mafi ƙarfin dafin da aka sani. Sau da yawa ba ta sauya wari ko ɗanɗano. Alamominta sukan bayyana bayan awa 12 zuwa 36, mutum ya fara ganin abu biyu-biyu, fatar idonsa ta sauko, haɗiya ta gagara, shanyewar ta gangaro har ta kai ga numfashi, inda sai da na'urar taimakon numfashi ake tsira. A 1978 a birnin Bamingam na Ingila wasu tsofaffi huɗu sun ci kifin gwangwani guda ɗaya da ya sami 'yar lahani a jikinsa, biyu daga cikinsu suka rasu, kuma ba tsufa ne ya ɓata wannan gwangwani ba.

Na yi wa Alhaji wannan magana wata rana bayan la'asar da kantin ba kowa. Ya saurare ni da kyau, sannan ya ce, "Malam, ai wajen sauke kaya ne suke buguwa, abin da ke ciki lafiyarsa ƙalau, ni kaina da shi nake amfani a gida." Na ce masa, "Alhaji, wanda ya loɓa a ciki kaɗan ba shi nake nufi ba, na baki nake nufi, da wanda loɓawarsa ta yi kaifi har yatsa na shiga." Ya ce zai duba. Hanyar da nake bi ni kaina ba ta ɗaukar minti guda: in zagaya da yatsa a kan ɗinkin sama da na ƙasa, in danna tsakiyar murfi in ji ko yana motsi yana dawowa, in duba ko akwai danshi ko busasshen tabo a jikin takardar, in kuma murza tsatsa idan akwai. Tsatsar da ta goge da hannu ta bar ƙarfe sumul ba komai ba ce, wadda ta ci rami kuwa a bar ta.

Sau ɗaya na shiga siton kantin, da yaron ya ce in zo in zaɓi katan da kaina, kuma wannan shiga ce ta bayyana mini dalilin da ya sa tumatirin ya lalace da wuri. Ɗaki ne mai rufin kwano ba silin, tagarsa guda kuma an toshe ta da katan-katan, kayan an jera su har suna taɓa rufi. A bazara zafin Kano yakan kai digiri 40 a inuwa, na ƙarƙashin kwano kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba, alhali shawarar masana ita ce a ajiye abincin gwangwani ƙasa da digiri 30. Zafi irin wannan yana gaggauta duk wani sauyi da ke faruwa cikin abinci, yana kuma farkar da wasu ƙwayoyi masu son zafi waɗanda dahuwar masana'anta ba ta kashe su duka, waɗanda kan tsamar da abinci ba tare da murfi ya kumbura ba. Saboda haka katan ɗin da ya yi bazara guda a saman wannan jeri ya tsufa fiye da abin da takardarsa ke faɗi. Ba Alhaji kaɗai ke da irin wannan sito ba, kusan haka sitocin unguwa suke, amma tunda kantinsa nake dubawa dole in faɗa.

Ruwan gwangwani kuwa abu ne da ban taɓa zaton zan gani a kantin unguwa ba. Wasu 'yan katan ne na ƙasar waje da Alhaji ya ce sun zo masa cikin kayan da wani dila ya sayar masa a dunƙule, ba wanda ya kula su har suka gangaro kantar rangwame, domin duk wanda ya gan su lemo yake zato, da ya ji ruwa ne zalla sai ya ajiye. Na sayi katan guda saboda son sani. Ruwa ne a gwangwanin alminiyam irin na lemo, mai shafe a ciki don kada ruwan ya taɓa ƙarfen. Na sha wasu kafin ranarsu, na sha wasu wata biyar bayanta, kuma da na zuba su a kofin gilashi tare da sabon ruwan roba na ba mutanen gida, babu wanda ya iya nuna tsohon. Guda ɗaya da na bari da gangan a but ɗin mota tsawon mako shida shi ne ya ɗauko wani ɗan ɗanɗano na ƙarfe, shi ma ba mai hana sha ba.

Dalilin a fili yake. Tsabtataccen ruwa ba shi da sukari ko kitse ko wani abin da zai ruɓe, don haka abin da ke tsufa mazubinsa ne, kuma gwangwani ya fi roba ta fuska biyu, haske ba ya ratsa shi, wari ma ba ya ratsa shi. Wannan ne ya sa a zamanin yaƙin cacar baka gwamnatin Amurka ta tara ruwa a gwangwanaye da durom-durom a maɓoyan da ta tanada saboda tsoron harin nukiliya, kuma har yanzu akwai kamfani a can mai suna Blue Can da ke tallar ruwansa da cewa zai kai shekara 50 a ajiye. Shi kansa buga ranar ƙarewa a jikin ruwan roba a Amurka yana da tarihi mai ban dariya, domin jihar New Jersey ce ta yi doka a 1987 cewa a sa wa'adin da bai wuce shekara biyu ba, kamfanoni kuma suka ga ya fi sauƙi su buga wa duk ruwan da suke yi maimakon su ware na jiha guda, al'adar ta zauna ko bayan an soke dokar. Hukumar abinci da magunguna ta ƙasar ba ta ɗora wa ruwan da aka rufe da kyau wani wa'adi ba. Duk da haka ba zan ce kowa ya nemi ruwan gwangwani ba. Ko a rabin kuɗi ya fi ruwan roba tsada, idan an fasa shi ba ya rufuwa, kuma amfaninsa na gaskiya ga mai son ajiye ruwan ko-ta-kwana ne, kamar mai doguwar tafiya a hanyar da babu gari kusa.

Abin takaicin shi ne ruwan da ya fi kowanne jure ajiya shi aka ɓoye a inuwa, wanda ya fi kowanne rauni kuma shi aka jibge a ƙofar kanti yana shan rana daga hantsi har yamma. Wannan shi ne laifi na biyu, kuma ya fi na farko shafar jama'a, saboda masu sayen ruwan leda sun ninka masu sayen sadin sau da yawa. Wa'adin da aka san ruwan leda da shi a Najeriya wata biyu ne, kuma da na duba jakunkunan da ke ƙofar sai na tarar wasu ledojin an rubuta wurin kwanan wata amma ba a buga komai a ciki ba. Ledar siririya ce, wari yana ratsa ta, kuma jakar da na saya wata rana da aka jingina ta da katan ɗin garin sabulu ruwanta ƙamshin sabulu yake yi. Ruwan leda ba shi da ragowar sinadarin kulorin da zai ci gaba da kare shi, saboda haka 'yan ƙwayoyin da suka tsira daga masana'anta suna samun ɗumin da suke so su yawaita, hasken rana kuma yakan sa gansakuka ta tsiro idan an daɗe. Ga kuma bayan ledar, wadda take kwana a ƙasa cikin ƙura, sannan mutum ya sa haƙori ya fasa.

Ruwan roba da ke wurin ya fi dama-dama, amma shi ma rana ba ta bar shi ba. Robar da ake yinsa da ita idan ta sha zafi na tsawon lokaci tana sakin ɗan abin da ke sauya ɗanɗano, da kuma burbushin wani sinadari mai suna antimoni da ake amfani da shi wajen sarrafa ta, wanda yawansa ke ƙaruwa gwargwadon zafi da daɗewa. Kwana biyu a rana ba zai kai shi matakin cutarwa ba, amma ban ga dalilin biyan cikakken kuɗi a kan ruwan da yake ɗanɗanon roba ba alhali akwai irinsa a ciki. Tun daga lokacin nake cewa yaron ya ɗauko mini na cikin kanti, kuma bai taɓa yi mini musu ba.

A ɓangaren busassun kaya ba zan daɗe ba, domin hanci yana yanke hukuncin yawancinsu. Duk abin da ke da mai a jikinsa, kamar madarar gari mai kitse da biskit da taliyar leda wadda soya ta ake yi kafin a busar, yana ɗaukar warin tsohon mai da maƙaƙi a maƙogwaro idan ya daɗe, kuma biskit ɗin da na saya a kantar ya riga ya fara tun ranarsa ba ta cika ba. Garin tuwo na leda sai a ɗaga shi a haske a duba ƙwari da dunƙulewa, wanda ya ji danshi har ya yi fumfuna kuwa ba a tankaɗe shi a ci. Sukari da gishiri da zuma da farar shinkafa, idan sun tsira daga danshi da ƙwari, ranar da ke jikinsu kusan ado ce, kuma rangwamen da ake yi musu riba ce tsantsa ga mai saye.

Garin lemo ne ban taɓa ɗauka ba, kuma na san ba ni kaɗai ba ne a Kano. A watan Maris na 2021 ɗaruruwan mutane sun kwanta a asibitocin jihar da amai da fitsarin jini, wasu suka rasa rayukansu, kuma da farko an ɗora laifin a kan garin lemo da wa'adinsa ya wuce. Daga baya NAFDAC ta bayyana cewa wani sinadari na masana'antu ne aka sayar wa mutane da sunan ɗan tsami. Wato dai babban hatsarin ya fito ne daga buhun da ba a san asalinsa ba, wanda aka ƙulla aka sayar ba suna ba lamba, kuma wannan ya sa nake ganin lambar rajista da sunan kamfani da rufin da ba a taɓa ba sun fi kwanan wata muhimmanci. A nan kantin Alhaji ya tsira, domin ba ya sayar da ƙulle-ƙullen da aka juye daga babban buhu.

Abu guda da na gani a kantar wanda bai kamata ya hau ta ba ko kaɗan shi ne madarar jarirai. Gwangwani uku ne, saura musu mako uku. Jaririn da ba ya samun nono wannan madara ce abincinsa gaba ɗaya, sinadaran da aka auna aka zuba mata suna raguwa da daɗewa da zafi, kuma ko a Amurka, inda dokar tarayya ba ta tilasta buga kwanan wata a kan sauran abinci ba, madarar jarirai ce aka ware aka tilasta wa. Uwar da talauci ya sa ta ɗauki wannan gwangwani don araha tana iya jan shi fiye da mako uku. Da na nuna wa Alhaji, bai ja maganar ba, ya sa aka sauke su a gabana, kuma ban sake ganin irinsu a wurin ba. Haka nan ba na sayen kayan firji masu ɗan gajeren wa'adi a rangwame, irin su yogot, domin da yadda wutar lantarki take, ba wanda zai rantse cewa sanyinsu bai taɓa yankewa ba.

Ta fuskar mu'amala ba ni da ƙorafi. Da na mayar da tumatir biyun da suka kumbura, ko rasit ba a tambaye ni ba, aka mayar mini da kuɗina. Na dai tambayi Alhaji inda kayan da suka wuce ranarsu ba a saya ba suke zuwa, ya ce dilan da ya kawo su yana zuwa ya kwashe. Ban ji daɗin wannan amsa ba, saboda kayan da aka kwashe daga birni ba lalle ne ƙona su ake yi ba, kuma mai saye a kasuwar ƙauye, wanda sau da yawa ba ya karanta boko, ba shi da kwalin da zai gaya masa gaskiya.

Ga mai neman sauƙi a wannan zamani na tsadar kaya, ina ba da shawarar kantar a kan kifi da wake da naman gwangwani masu lafiyar jiki, da sukari da shinkafa da makamantansu, da tumatirin da za a dafa nan kusa, kuma a nemi ruwan da ke cikin kanti maimakon na ƙofa. A zuwana na ƙarshe, makon jiya, na tarar an kafa rumfar buhu a kan jakunkunan ruwan leda, wadda take tare ranar hantsi amma ta yamma tana shigowa ta gefe. Gwangwanayen da suka loɓe kuwa suna nan a kantar tare da sauran, na ƙirga guda bakwai, uku daga ciki a kan ɗinki suka bugu, na ware su na miƙa wa yaron, ya karɓa ya ajiye su a ƙarƙashin teburin kuɗi.